Karatun injiniyan gine-gine a ABU Zariya: ƙarfinsa da rauninsa

Wanda ke neman digirin injiniyan gine-gine da hanyoyi a Arewa, da wuya ya tsallake Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962. Karatun shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB da Turanci, Lissafi, Fizis da Kimistiri. Mai difloma da ya samu shiga kai tsaye yakan fara daga aji 2.

Shekaru biyun farko ba su da armashi. Lissafi ne da zane, tare da ɗaliban sauran fannonin injiniya, aji cike maƙil. Daga aji 3 ake shiga harkar sosai: nazarin ƙasa, ƙarfin rodi da kankare, safiyo, magudanan ruwa, tsara hanya.

Inda sashen ya yi zarra shi ne ƙasa da kankare. Ɗalibi zai kwaɓa kankare da hannunsa, ya zuba a ma'auni mai faɗin milimita 150 hawa uku, yana daddanna kowane hawa da sandar ƙarfe don iska ta fita. Bayan awa 24 a cire dunƙulallun kankaren, a jiƙa cikin ruwa, a murƙushe wasu a inji ranar 7, sauran ranar 28. Na ranar 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe. In ya gaza, ba a cika rasa dalili ɗaya cikin uku ba: an cika ruwa don kwaɓi ya yi sauƙi, yashin na da laka, ko an bar shi ya bushe a rana. Abin da leburori ke yi ke nan a wurin gini in injiniya ya juya baya, shi ya sa wannan darasi ya fi lacca goma amfani.

Haka gwajin marmara kafin a shimfiɗa kwalta, da baƙar lakar nan ta wasu sassan Borno, Gombe da Adamawa, mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta fasa fandisho. Malaman sashen sun daɗe suna bincike kan gyara ta da farar ƙasa da siminti.

Raunin irin na jami'o'in gwamnati ne. Ɗalibai sun fi ƙarfin kayan gwaji, wani ma kallo kawai zai yi ya kwafi sakamako. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata 8. Manhajojin zane kamar AutoCAD kuwa, kada ɗalibi ya jira aji. Ya nemi kwamfuta ya koya tun aji 2.

Wata 6 na SIWES, wato koyon aiki a kamfani, a aji 4 shi ke raba ɗalibai. A nemi kamfanin da ke zuba dakin (rufin kankare) ko gina kwalbati, ba ofishin da za a zauna ana sa hannu a littafi ba.

Kwalin kaɗai ba ya ba da izinin sa hannu a zanen gini. Sai an yi shekara 4 ana aiki, sannan a nemi rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Kafin biyan kuɗi a kowace jami'a, ko BUK ko ATBU Bauchi, a tabbatar kwas ɗin na da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da COREN a wannan shekarar.