Gargaɗi ga Mahaya Babur Game da Masu Sayar da Na'urar GPS da Taswirar Jabu

Ana jan hankalin mahaya babur masu tafiya mai nisa, musamman waɗanda ke ratsa wuraren da sabis ɗin waya ba ya kaiwa, game da wasu masu talla a intanet da ke sayar da na'urar GPS ta hannu haɗe da katin taswira da ake sakawa cikin na'urar da kuma taswirar takarda, a kan farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Sukan ce ragowar kayan shago ne, su ambaci sunan kamfanonin GPS irin su Garmin ko TomTom, sannan su matsa wa mai saye lamba ya tura kuɗin kafin alƙalami, wai saura kaɗan su ƙare.

Babban makaminsu shi ne bidiyo. Za a nuna na'urar a kan tebur cikin ɗaki, allonta a kunne, 'yar kibiya tana bin titi tana karya kwana kamar gaske. Abin da ba sa faɗa shi ne, yawancin waɗannan na'urori suna da tsarin kwaikwayo da ke nuna tafiya ko da ba su kama komai daga sama ba. Aikin gaske yana buƙatar saƙo daga taurarin ɗan'adam huɗu aƙalla, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, kuma saƙon yana isowa da rauni har rufin kankare yakan tare shi. Saboda haka na'urar da eriyarta ta mutu za ta iya burge mutum a ɗaki, sai ya yi nisa a daji, mai ya ja baya, sannan ya ga tana ta neman tauraro babu ƙarshe.

Wasunsu kuma sukan nemi kuɗin wata-wata da sunan kunna tauraro. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin gwamnatin Amurka ce ke tafiyar da GPS, kuma karɓar saƙonsa kyauta ne, ba ya buƙatar layin waya ko intanet. Na'urorin aika saƙon neman ceto, irin su inReach, su ne ake biya wa kuɗi, kuma kamfanin ake biya kai tsaye.

Katin taswirar ma abin dubawa ne. Sau da yawa taswirar OpenStreetMap ce, wadda kowa zai iya saukewa kyauta, ko kuma kwafin katin kamfani ne da aka sata, wanda na'ura kan ƙi buɗewa. Game da ruwa kuwa, alamar IPX7 tana nufin na'ura ta jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30, amma ana liƙa wannan alama a kwalin na'urar mota da ba a ƙera ta don ruwan sama ko jijjigar babur ba. Duk wadda bakin cajinta ba shi da murfin roba, a yi shakkar ta.

A ganina taswirar takardar ta fi haɗari, domin ita ce madogara idan batir ya mutu. Waɗannan mutane kwafi suke bayarwa wanda aka rage girmansa, an datse gefen da ke ɗauke da shekarar bugu. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 1 daidai take da mita 500 a ƙasa; da zarar an ƙanƙance takardar wannan lissafi ya rushe, mahayi ya auna tazarar da ke tsakaninsa da wurin ruwa ko gidan mai a kan kuskure. Idan kuma tsarin lambobinta na nuna wuri bai dace da tsarin WGS 84 da GPS ke amfani da shi ba, wuri guda zai iya gocewa da ɗaruruwan mitoci.

Kada a biya ko sisi sai an riƙe na'urar a fili, an kashe tsarin kwaikwayo, an buɗe shafin taurari an ga sandunan da ke nuna ƙarfin saƙonsu sun cika cikin 'yan mintoci, sannan an gwada lambobin wurin da na waya. A duba ko lambar da ke jikin na'urar ta yi daidai da wadda ke cikin manhajarta, a kuma gwada yi mata rajista a manhajar kamfanin, kamar Garmin Express. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hotunan hirarsu, ya sanar da bankinsa da shafin da aka yi tallar ba tare da jinkiri ba.