SUMO ko Vissim: wanne zai gane yadda ake ba da hannu a mahaɗar Kaduna?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin SUMO da Vissim da ka tambaya don aikinka na kwaikwayon mahaɗar hanya a kwamfuta, ka ɗauki SUMO. Dukansu na taɓa, ɗaya har yau yana kan laftof ɗina, ɗayan kuma kuɗina ya tafi da shi.

SUMO manhaja ce ta cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, tun 2001 suke gina ta, kuma kyauta ce, ko sisi ba za ka biya ba. Ranar da na fara gwada ta, mahaɗar Bakin Ruwa da ke kan titin Nnamdi Azikiwe na ɗora mata. Na jawo taswirar daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, SUMO da kanta ta duba darajar kowane titi ta ce babban titi ne ke da hannu, masu fitowa daga gefe su jira. To fa, nan na ga direbobi masu ladabi irin waɗanda ban taɓa gani a garin nan ba. Mota ta zo bakin mahaɗa ta tsaya cak, tana jiran gibin da zai ishe ta ta wuce ba tare da ta sa kowa ya taka birki ba. Layi ya yi ta tsawo. Can sai na ga motar gaba ta ɓace ɓat, ta ɓullo a wani titin gaba. Na ɗauka kwamfutar ce ta samu matsala, ashe ƙa'idar manhajar ce: motar da ta maƙale daƙiƙa 300 ba ta motsa ba, sai a ɗauke ta a ajiye ta gaba don kada gwajin ya tsaya. Idan ba ka lura da wannan ba, lissafin cunkosonka zai fito da kyau alhali ƙarya ne.

Abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne ta bar ni na koya wa direbobinta halin mutanenmu. Akwai saiti mai suna impatience, wato gajen haƙuri, daga 0 zuwa 1. A 0 direba ba ya takura wa kowa. A 1 kuwa, in dai ba karo za a yi ba, zai sako kai ne, mai hannu ya ji da birkinsa. Kuma yana ƙaruwa da tsawon jira, kamar dai ɗan keke da ya gaji da tsayuwa. Sai jmTimegapMinor, tazarar lokacin da mai jira ke bari tsakaninsa da mai hannu, wadda take daƙiƙa 1 in ba ka taɓa ta ba. Sai jmIgnoreFoeProb, wanda ke sa direba ya yi kamar bai ga mai hannu ba. Wannan ba ya aiki shi kaɗai, dole ka haɗa shi da jmIgnoreFoeSpeed, domin motar da gudunta bai wuce abin da ka rubuta ba ce kawai za a yi wa kutse. Ni kwana biyu na ɓata kafin na gane haka. In kuma ka ɗaga jmIgnoreFoeProb da yawa, motoci za su riƙa shiga cikin juna a tsakiyar mahaɗa, kuma SUMO ba za ta gaya maka ba sai ka kunna collision.check-junctions, saitin da ke duba karo a mahaɗa.

'Yan acaɓa da keke fa? Ka kunna lateral-resolution, shi ke raba layi ɗaya zuwa ƙananan sirara, babur ya samu damar kurɗawa ta gefen mota. Lambobin da na zuba ba daga kaina na ƙirƙiro su ba. Saman wani bene na hau da waya, na ɗauki bidiyo safe da yamma, na zauna ina ƙirga daƙiƙa nawa direba ke yarda da su kafin ya shiga. Ranar da layin da ke kan allo ya yi kama da wanda ke cikin bidiyon, shayina ya huce ban sani ba.

Vissim na kamfanin PTV ne da ke Karlsruhe, shi ma a Jamus. Ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, hotonsa ya fi kyau in za ka nuna wa manya a ma'aikata, kuma da linzami kake danna wurin da hanyoyi suka gitta ka ce wannan kore, wato mai hannu, wancan ja, wato mai jira. Amma lasisinsa ba na aljihun ɗalibi ba ne, na ɗalibai da ake bayarwa kyauta kuma an taƙaita girman taswirarsa da tsawon lokacin gwaji.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu cewa suna da "cikakken Vissim" a filas kan 'yan dubbai. Na saya a hannun wani mai shagon gyaran kwamfuta, ya rantse mini na asali ne. Sati bai cika ba ya daina buɗewa, ya bar mini ƙwayar cuta da ta cinye fayilolin ƙirgen da na yi a rana. Na koma, ya ce laftof ɗina ce ba ta da ƙarfi. Har SUMO ɗin ma na ga masu neman sayar wa mutane, abin da za ka sauke kyauta daga shafin Eclipse, gidauniyar da ke ɗauke da SUMO.

Wahalar SUMO ɗaya ce: za ka yi ta buɗe fayilolin XML, inda ake rubuta saitunanta, kana gyara da hannu, ko da yake netedit, manhajar gyaran taswira da ke zuwa tare da ita, na rage maka rabin aikin. Ka fara da mahaɗa guda mai ƙafa uku, ba shataletale ba, ka tabbatar babban titi ne ke da hannu kafin ka zuba motoci, domin taswirar OpenStreetMap takan ba wa titin unguwa darajar da ba tasa ba. In ka maƙale, turo mini fayil ɗin taswirarka, wato net.xml, in duba maka bayan Isha.