Karanta bayanin kayan aiki ko gwada shi: wanne ya fi nuna ingancinsa?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta wa wakilin AI ɗinka, wato manhajar AI da ke aiwatar da ayyuka a madadin mutum, bayanin kayan aiki goma sha biyar, wato ƙananan ayyukan manhaja da zai iya kira, kana tambaya ko ka ba wani ya karanta ya ba su maki, ko ka saki wakilin ya yi aiki da su ka ga abin da zai faru. Ni dai na fi karkata ga gwaji, amma bari in jera maka su.

Ka tuna cewa wakilin ba ya ganin abin da ke cikin manhajarka. Suna yake gani, da bayani, da guraben da zai cika, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace irin bayanan da za a saka a kowane gurbi. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, kuma MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya saki a Nuwamban 2024, a kan wannan turbar yake. Abin da ba ka faɗa ba, sai dai ya yi hasashe.

Karatu da ido ba shi da tsada, kuma nan take yake kama gurguwar magana. Ɗauki kayan aikin da ke soke taro a kalanda. Wani ya rubuta: "Yana soke taro." Wani kuma ya rubuta: "Yana soke taro ɗaya ta lambarsa, ba ta sunansa ba. In babu lambar, a fara nemo taron. Sokewa tana aika wa duk mahalarta saƙo, kuma ba a warware ta. Ba a amfani da shi don ɗage lokaci." Ko makaho ya shafa ya san na biyu ya fi. Matsalar ita ce mai karatun yakan san aikin tun da farko, sai ƙwaƙwalwarsa ta cike giɓin da wakilin zai faɗa ciki. In kuma wani AI ka sa ya ba da makin, ka yi hattara, irin waɗannan alƙalan suna da son doguwar magana, alhali kowace kalma ta bayanin tana cin wuri a cikin rubutun da wakilin zai iya ɗauka a duk lokacin da aka kira shi.

Gwaji ya fi wahala. Za ka rubuta buƙatu irin na mutanen gaske, kamar talatin ko arba'in, har da masu ruɗani irin su "cire min taron gobe, ka mayar da shi Alhamis". Kowacce ka rubuta kayan aikin da ya dace a kira da abin da ya kamata a cika. Ka saka wasu da bai kamata a kira komai ba, domin wakilin da ke ɗaukar guduma a kan kowace tambaya shi ma matsala ne. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Berkeley ma yana auna wannan. Sai ka maimaita kowace buƙata sau da yawa, don amsar takan canza. A nan ne za ka ga abin da ido ba ya gani: bayanai biyu, kowanne lafiya lau shi kaɗai, amma da aka haɗa su wakilin ya kasa bambance su. Gani ya kori ji. Kada ka tsaya a kan maki kawai, ka bi sawun kiraye-kirayen ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka kuma ɓoye wasu buƙatun har ƙarshe, kada ka yi ta gyara bayanin don cin jarrabawar da kai ka shirya.

Akwai wuri ɗaya da karatu ya fi gwaji nesa ba kusa ba, wato kayan aikin da ka ɗauko daga hannun wasu. A watan Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda ake cusa ɓoyayyen umarni cikin bayanin kayan aikin MCP, wakilin ya bi, mai amfani bai sani ba. Irin wannan zai iya cin gwajinka cif, tunda aikin da aka nema yana yinsa. Sai ka buɗe cikakken rubutun ka karanta da kanka.

Ga naka goma sha biyar ɗin, ka ba wanda bai san aikin ba ya karanta sau ɗaya, sauran ƙarfin ka zuba shi a gwaji. Duk ranar da ka sauya AI ɗin da ke tuƙa wakilin, ka sake gwajin daga farko.