Create React App ko Vite: wanne zai kafa maka harsashin aiki?

Ƙanena, cikin biyun nan da ka tambaya, wato kayan aikin da ke shirya maka fayilolin farko in za ka gina manhajar yanar gizo da React (kayan haɗa shafukan manhaja), Vite za ka ɗauka.

Bara wani mai shagon kayan fata a Kasuwar Dole ya ba ni aikin 'yar manhajar da zai riƙa rubuta odar takalma da jakunkuna da sunayen masu bashi. Kwamfutata tsohuwa ce, ram ɗinta giga 4, ga zafin bazarar Damagaram da ke sa fankarta kuka tun hantsi. Na rubuta umarnin npm create vite@latest, ya tambaye ni sunan aikin, na zaɓi React da yaren rubuta manhaja na TypeScript. Shi ke nan, harsashi ya kafu: index.html a waje, jakar src da App.tsx a ciki, babu tarkacen da zai ruɗa ka. Na bi da npm install da npm run dev, kafin shayin da na aza ya tafasa shafi ya buɗe.

Abin da ya sa na kamu da son shi, ranar da mai shagon ya zauna gefena yana cewa a ƙara wa rubutun girma, idonsa ba ya gani sosai. Ina gyarawa ina adanawa, nan take yake canzawa a gabansa, har ya yi dariya ya ce kamar tela yana gwada masa riga. Dalili kuwa, lokacin da kake aiki Vite ba ya tsayawa ɗaure duk fayiloli dami guda kafin ya nuna maka, wanda burauza ta nema shi yake miƙa mata. Evan You, wanda ya ƙirƙiro Vue (wani kayan aiki irin React), shi ya fito da shi a 2020.

Create React App kuwa, Facebook ne ya fitar da shi a 2016, ya yi zamaninsa. Yana jawo fakiti, wato ƙananan manhajojin da yake dogara da su, sama da dubu, ga nauyin tashi, ga cin data, kuma masu React da kansu sun sanar a watan Fabrairun 2025 cewa a daina fara sabon aiki da shi. Tsoffin bidiyoyin koyarwa ne kawai ke ta tura mutane can.

Sannan ka yi hattara, don abin yana ci mini rai. Akwai masu yawo a WhatsApp suna tallar wai shiryayyen harsashi jika biyar, jika goma. Dukansu biyun nan kyauta ne, ko dala ba a biya. Wani yaro ya kawo mini wanda ya saya, na buɗe, abin da Vite ke bayarwa ne aka canza wa launi. Wasu ma kayan sata suke sayarwa, ba ka san me aka cusa a ciki ba, kai kuma ka zuba bayanan mutane a kai.

Kafin ka fara, duba Node ɗinka, manhajar da Vite ke gudana a kanta, da umarnin node -v. In tsoho ne, ka sa siga ta 22, in ba haka ba sabon Vite zai ƙi tashi.