Wata uku na biya a makarantar tai chi a Guangzhou, ga yadda muka kwashe

Ana ta tambayata wai makarantar nan da na shiga tana da kyau, su ma su je? To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ga wanda bai sani ba, tai chi wani wasan motsa jiki ne na 'yan China da ake yi a hankali a hankali, asalinsa dabarun kare kai ne. Ba zan kama suna ba, 'yan uwa da ke zaune wajajen unguwar Xiaobei a Guangzhou sun san wacce nake nufi, kuma sun san kuɗin ba na wasa ba ne.

Ciwon baya ne ya kai ni. Shekara da shekaru ina zuwa sarin kaya, ga zaman jirgi ga tsayuwar sito ranar loda kwantena, har ta kai sai na dafa bango kafin in sa takalmi. Kullum bayan asuba in na bi ta lambun Yuexiu sai in ga tsofaffi sa'annin kakata sun ɗaga ƙafa ɗaya sama ko gezau, ni kuma ɗan shekara 41 ina tafiya kamar mai ɗauke da buhun gero. Shi ne na ce bari in nemi inda ake koyarwa da tsari, na biya na wata uku a dunƙule, wanda shi ne kuskurena na farko.

A takardar tallarsu an rubuta salon Chen ne, wai malamin a Chenjiagou ya yi karatu, ƙauyen nan na lardin Henan da ake cewa can abin ya samo asali tun zamanin Chen Wangting, wanda ake cewa shi ya kafa salon. A bango kuma an manna ƙatuwar sanarwa cewa UNESCO ta sa tai chi cikin kayan gadon duniya a 2020, an yi mata firam kai ka ce shi aka ba wa lambar. Amma da aka fara darasi sai na ga motsi 24 ɗin nan ake koya mana, wanda gwamnatin China ta sa aka tsara a 1956 daga wani salon daban, salon Yang, don kowa ya iya, wato dai abin da tsofaffin lambu ke yi kyauta da 'yar rediyonsu. Ban yi magana ba, na ce ɗan koyo bai da zaɓi.

Sati biyun farko ma tsayuwa kawai muka sha, suna ce mata zhan zhuang. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka zagaya hannu kamar ka rungumi randa, shi ke nan kar ka motsa. Wallahi minti biyar cinyata ta kama rawa kamar mazari, zufa har cikin ido.

To ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Wata Asabar a sati na shida shifu (haka ake kiran malamin) ya ce yau zai nuna mana ƙarfin ciki, chi ɗin da ake ta magana. Ya jera manyan ɗalibansa su huɗu, ya tsaya kamar taku uku daga gare su, ya lumshe ido, ya tura tafin hannu a iska, sai ga su suna tangal-tangal suna ja da baya, ɗaya har da faɗuwa yana birgima a tabarma. Aka yi ta tafi. Can sai ya nuno ni. Na san dalili, ni ne na fi kowa jiki a ajin kuma ni kaɗai ne baƙar fata, ga wani yaro ya riga ya saita waya yana ɗauka. Na fito na tsaya. Ya tura iska. Shiru. Ya matso ya sake turawa har da wani gurnani, ni dai ban ji komai ba sai iskar fankar da ke bayana. Gaskiya a lokacin sai da na yi tunanin ko in ɗan ja da baya kawai in rufa masa asiri, don mutumin ya haife ni, kuma mu ba a haka aka rene mu ba, ka tsaya ƙiƙam dattijo yana jin kunya a gaban yaransa. Amma na tuna kuɗina, na tuna wayar da ke ɗauka, na ce in na faɗi gobe da bidiyona za a yaudari wani. Na ci gaba da tsayuwata. Sau huɗu ya gwada. Ajin ya yi tsit, wanda ya yi birgima ɗazu sai kallon ƙasa yake.

Kun san me ya ce? Ya sa yaron da ke mana tafinta ya gaya min wai hanyoyin chi ɗina a toshe suke saboda ina yawan shan ruwan sanyi, kuma akwai aji na musamman da daddare da zai buɗe min su, kuɗinsa daban, ya kusa ninka wanda na biya. Haba malam! Mu da muka taso muna kallon 'yan tauri da gardawa masu wasa da kura a bakin kasuwa, ai su ko ba komai wuƙar gaske ce a hannunsu kuma kurar ma ta gaske ce. Da na ba wani abokina ɗan China labari a kasuwa dariya ya yi ta yi, ya nuna min bidiyon Xu Xiaodong, ɗan damben zamanin nan da ya haɗu da wani mai da'awar tai chi Wei Lei a Chengdu a 2017, ko rabin minti ba a yi ba malamin yana ƙasa yana kare kai. Ya ce su kansu sun gaji da irin waɗannan.

Ranar na yanke ba zan koma ba. Abin da ya mayar da ni kuɗin da na riga na zuba ne, ba wani abu ba.

Kuma a nan ne zan yi adalci, don da ban koma ba da na yi asara. Akwai wata dattijuwa mataimakiyarsa, za ta yi sittin da wani abu, kowa Ayi yake ce mata, kamar dai mu ce Gwaggo. Ran Litinin ta jawo ni gefe ba ta ce komai kan abin da ya faru ba, ta ɗora hannunta a kan nawa ta yi min alama in ture ta. Matar nan ba ta kai rabin nauyina ba. Na tura a hankali, ta harare ni, na tura da gaske, sai kawai na ji ni ina tafiya gefe ina neman abin kamawa. Sau uku ana haka. Ita ba ta ce min chi ba ne, ta nuna min da hannu: ta sauke nauyinta kan ƙafa ɗaya, ta juya ƙugu, ƙarfina ya wuce ta gefenta ya tafi da ni. Tui shou suke ce wa wannan. Daga nan ta dinga gyara min tsayuwa, gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa kar ta faɗa ciki, kafaɗa ta sauka, numfashi ya gangara ƙasan cibiya wajen da suke kira dantian. Kalma ɗaya take ta nanata min, fang song, fang song, wato saki jikinka, tana dukan kafaɗata da 'yar mafici. Ashe shekara da shekaru a ɗaure nake tafiya ban sani ba. Wajen sati na tara na kai minti ashirin a tsaye, tafin hannuna na ɗaukar ɗumi da wani tsiki-tsiki, su sun ce chi ne ni na ce jini ne ke gudu, ba mu yi faɗa a kai ba. Abin da na sani shi ne yanzu ina ruku'u ban cije baki, zaman tahiya ma ya daina zame min aiki. Don wannan kaɗai da na ba su tauraro huɗu.

Sai dai ina rubuta huɗun nan na tuna kayan aji da aka tilasta mana saya a wajensu, wandon ya yage a tsakiya wankin farko. Na tuna shifu sau biyu yake leƙowa a sati, Ayi ce ke yin duk aikin amma hotonsa ne a ƙofa. Maganar bikin karɓar almajiri kam ba zan zarge su ba, da na ce ni ba na durƙusa wa kowa in kai goshi ƙasa sun fahimta nan take, suka ce gaisuwar dunƙulen hannu ta isa, amma jan ambulan ɗin kuɗin ba su yafe ba, ni kuma ban bayar ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ashe bidiyon Asabar ɗin nan sun saka shi a Douyin, wato TikTok ɗin China, sun yanke inda na ƙi faɗuwa, sun bar inda nake tsaye a layi ina tafi, da rubutu wai har daga Afirka ana zuwa neman ilmin shifu. Na yi magana ta WeChat sau uku a cire, kullum sai a turo min hoton babban yatsa. Da tafiya gida ta kama ni saura sati biyu na ce a ɗaga min zuwa in na dawo, aka ce babu wannan tsarin.

Tauraro biyu, kuma duka biyun na Ayi ne. Na dawo watan jiya na gano ashe tana da nata rukunin a lambu ƙarfe shida da rabi na safe, ba ta karɓar ko sisi, can nake zuwa yanzu in tsaya a layin baya tsakanin wasu tsofaffi biyu. Na kai mata dabino ta karɓa, goro kuwa ta ɗan gatsa ta yamutsa fuska ta mayar min da abina.