Duba fayil kafin chmod, ko riƙe shi a yi fchmod?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya isa manhajar saita kwamfuta ta tabbatar fayil ba simlink (wato fayil ɗin da ke nuni kawai zuwa wani fayil) ba ne kafin ta canja masa izini, ko kuwa akwai hanyar da ta fi wannan tsaro.

Asalin matsalar shi ne, a Linux, chmod, umarnin da ke canja izinin fayil, ba ya taɓa simlink ɗin kansa, bin sa yake yi har zuwa fayil ɗin da yake nunawa. Idan manhajar tana aiki da ikon root (mai cikakken iko a kan kwamfutar) a foldar da wani ke iya rubutu a cikinta, mutumin zai iya ajiye simlink mai nuni zuwa /etc/shadow, kuma da zarar an sa izinin 644, wanda ke barin kowa ya karanta, fayil ɗin kalmomin sirri ya buɗe wa kowa.

Hanya ta farko ita ce a duba da lstat, wanda ke duba sunan ba tare da bin simlink ba, in an ga fayil ne na gaske sai a kira chmod da sunansa. Tana da sauƙin rubutawa, kuma tana kama simlink ɗin da aka bari bisa kuskure. Sai dai tsakanin dubawa da canjawa akwai 'yar tazara, kuma mai mugun nufi ba ya buƙatar fiye da ita wajen musanya fayil da simlink, domin suna ɗaya aka nema har sau biyu.

Hanya ta biyu kuwa, a buɗe fayil ɗin da O_NOFOLLOW, wanda ke ƙin buɗewa da kuskuren ELOOP idan simlink ne, sannan a duba shi da fstat, a canja izinin da fchmod, duka a kan fayil ɗin da aka riga aka buɗe aka riƙe, ba a kan sunansa ba. Ko an sauya sunan daga baya, canjin ba zai sauka a wani wuri ba. Ita nake zaɓa a duk inda ba root kaɗai ke rubutu ba.

Amma ita ma tana da gibi, wanda mutane da yawa kan manta: O_NOFOLLOW ƙarshen hanyar fayil kawai yake dubawa, don haka simlink da ke tsakiyar jerin foldodi zai wuce salin-alin. Maganin wannan shi ne a buɗe fayil ɗin da openat2 tare da zaɓin RESOLVE_NO_SYMLINKS mai ƙin kowane simlink a duk tsawon hanyar, wanda ya shigo Linux 5.6 a 2020.

Kada ka dogara da fs.protected_symlinks (saitin Linux mai taƙaita bin simlink) kaɗai, domin kariyarsa ta tsaya ga foldodi irin /tmp ne. In kuma manhajar saita kwamfuta ta Ansible kake amfani da ita, zaɓin follow (bin simlink) na sashen file a kunne yake zuwa tun sigar 2.5, sai ka kashe shi da kanka.