Aikin kyamara ko buɗe ciki: wanne ya fi saurin warkewa?

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce likita ya gano endometiriyosis da adenomayosis, wato cututtukan da nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a inda bai kamata ba, kuma kina son sanin aikin da zai fi saurin tashe ki.

A aikin kyamara, huda uku ko huɗu ake yi, kowace kamar santimita 1, a hura iska a ciki don likita ya ga abin da yake yi. Galibi a ranar ko washegari ake sallamar mace, cikin mako 2 ta fara ɗan aikin gida. Iskar nan takan jawo ciwon kafaɗa na kwana biyu, kada ya tsorata ki. Buɗe ciki kuwa yanka ne irin na tiyatar haihuwa: kwana 3 zuwa 5 a asibiti, mako 6 zuwa 8 kafin ƙarfi ya dawo. In da hali, ni kyamara zan zaɓa.

Amma ƙanƙantar tabo tana ruɗin mata da yawa. Endometiriyosis a wajen mahaifa yake, ana iya yanke shi a bar mahaifar. Adenomayosis kuwa cikin naman mahaifar ya shige, shi ya sa sau da yawa maganinsa na dindindin cire ta ne. Idan an cire, ko da kyamara aka yi, akwai ɗinki a ciki da ba kya gani, kuma yana buƙatar aƙalla mako 6. Babu ɗaukar jarka, babu daka, babu saduwa sai likita ya duba. Ki sa maigida ya ji wannan daga bakin likita. In kina son haihuwa, ki faɗa tun kafin a sa ranar aiki.

Ko wanne aka yi, ki tashi ki taka tun ranar farko in an ba ki izini. Kwanciya tana jawo daskarewar jini a ƙafa, tana kuma hana hanji motsi. Ki fara da ruwa da kunu, ki sha maganin ciwo a kan lokaci, ki yi salla a zaune. Don Allah kada a gasa miki wurin ɗinki da ruwan zafi.

Zazzaɓi, kumburin ƙafa ɗaya, numfashi sama-sama, jini mai yawa ko mugunya a ɗinki: asibiti nan take, ko tsakar dare ne.